Ina son shiga soja, mahaifiyata ta ce ba da yawunta ba

Assalamu alaikum Malam. Ni saurayi ne ɗan shekara 20, ina zaune a Maiduguri, amma asalinmu mutanen Bama ne. Ina ɗan shekara tara 'yan Boko Haram suka shiga garinmu a 2014, aka kashe mahaifinmu a ƙofar gida, muka gudo da ƙafa ni da Inna da yayana da ƙannena mata biyu. Mun yi shekaru a sansanin 'yan gudun hijira kafin mu kama haya. Yayana ya shiga 'yan kato da gora, motarsu ta taka nakiya, ya rasu ya bar mata da ɗa guda. Yanzu ni kaɗai ne namiji a gidan. Na gama sakandare da sakamako mai kyau, ina tuƙa Keke Napep na wani ina kai masa balas.

Ina so in shiga soja. Ba zan ɓoye maka ba, ina so in rama. Idan na ji an ce ga tubabbu can an koya musu sana'a an sallame su, sai in ji zuciyata kamar za ta fashe. Amma kuma ba na so wani yaro ya ga abin da na gani, ga shi albashin zai taimaki gida. Da na gaya wa Inna sai ta fashe da kuka, ta ce ta ba da miji, ta ba da ɗa, ba za ta ba da na uku ba, in na tafi ba da yawunta ba. Abokina ya ce in cike fom a ɓoye, akwai wanda zai sa sunana idan na kawo kuɗi. Wani abu kuma yana cina: tun 2013 aka tafi da baffana a wani kame, ba ruwansa da komai, har yau babu labari. Ina tsoron in sa kaki in zama irin waɗanda suka tafi da shi. Wani ma ya ce mini aikin soja bai halatta ga musulmi ba. Ba na samun barci. Ina mafita?

Daga wani ɗanka a Maiduguri.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka da yayanka, ya karɓi shahadarsu, ya bayyana baffanka in yana raye, ya ba Inna ladan haƙurin da take yi. Na daɗe riƙe da wasiƙarka kafin in fara amsawa, domin abin da aka ɗora wa yaro ɗan shekara tara a ƙofar gidansu ba abu ne da za a amsa a gurguje ba. Ka kuma yi abin da da yawa ba sa yi, ka faɗi maganar ramuwa da bakinka ba ka lulluɓe ta da kishin ƙasa ba. Wannan gaskiyar ce ta sa zan iya yi maka magana kai tsaye.

Mu fara kawar da mai sauƙin. Wanda ya ce maka aikin soja bai halatta ba, ko ya sani ko bai sani ba, karatun Muhammad Yusuf, wanda ya kafa Boko Haram, yake maimaita maka, karatun da ya haramta boko da aikin gwamnati, wanda ƙarshensa shi ne abin da ka gani a Bama. Malaman ƙasar nan, na Izala da na ɗariƙa, sun yi wa wannan fahimta raddi tun kafin rikicin Yulin 2009, marigayi Shaikh Ja'afar Mahmud Adam yana cikin waɗanda suka fito fili suka yi. Tsare rayukan mutane da dukiyarsu da hanyoyin da suke bi zuwa gona da kasuwa aiki ne na lada. Hadisi ya zo cewa idanu biyu wuta ba za ta taɓa su ba: idon da ya yi kuka don tsoron Allah, da idon da ya kwana yana gadi saboda Allah. Ka daina zama da mai wannan magana, kuma in ka ga yana jan yara ƙanana da ita, ka sanar da mai unguwa.

To, sai maganar ramuwa, kuma a nan zan daɗe. Ba zan ce maka kada ka ji zafi ba. Duk wanda ya ce wa marayan da aka kashe ubansa a gabansa ya manta kawai, bai san abin da yake faɗa ba. Abin da nake so ka gane shi ne, ko da ramuwar ce kake nema, soja ba zai ba ka ita ba. Ranar da aka yaye ka daga makarantar horas da kurata ta Zariya, ba kai ke zaɓar inda za a kai ka ba. Ana iya tura ka Zamfara ko Katsina wajen 'yan bindiga, ana iya kai ka Filato tsakanin manoma da makiyaya, ko Neja Delta gadin bututun mai, ko kudu maso gabas inda ba ka jin yaren kowa. In ma an dawo da kai Borno ƙarƙashin rundunar Haɗin Kai, mafi yawan kwanakin soja ba a musayar wuta ake yin su ba. Tsayuwa ce a shingen bincike cikin rana, rakiyar motocin 'yan kasuwa, haƙa rami, gadin manoma, jiran umarni. Waɗanda suka shiga Bama a 2014, da yawansu sun mutu, shugabansu Shekau kansa ya mutu a Sambisa a watan Mayun 2021 a faɗansu da ISWAP, ɓangaren da ya ɓalle daga cikinsu. Wanda za ka tarar a daji yau, sau da yawa sa'anka ne ko ƙaninka, wanda aka sace yana yaro aka ɗora masa bindiga. Kuma kada ka yi mamaki idan aikin farko da aka ba ka shi ne gadin tubabbun nan da kake jin zafinsu, domin sansanin da ake gyara musu hali a Malam Sidi ta jihar Gombe, ƙarƙashin shirin da aka fara a 2016, sojoji ne ke kula da shi. Ka tambayi kanka tun yanzu: in aka ba ni bindiga aka ce in tsare ran wanda ya miƙa wuya, zan iya? In amsar a'a ce, to lokacinka bai yi ba tukuna.

Haɗarin fushi a hannun mai bindiga shi ne ba ya samun wanda ya jawo shi, sai ya sauka a kan wanda ke kusa. Ɗan ta'adda ba ya zuwa shingen bincike da tambari a goshi. Wanda ke zuwa shi ne mai itace, da direban da ya yi gardama, da saurayin da ba shi da katin shaida saboda gidansu ya ƙone, kamar yadda naku ya zama kufai. Abin da ya faru da baffanka ya faru da gidaje masu yawa a shekarun dokar ta-ɓaci da aka sa a Borno da Yobe da Adamawa a watan Mayun 2013. A 2015 ƙungiyar Amnesty International ta fitar da rahoto tana zargin cewa sama da mutum 7,000 sun mutu a tsare a hannun sojoji tun daga 2011, rundunar kuma ta musanta. Ga Rann a Janairun 2017, inda jirgin yaƙi ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira, ga Tudun Biri a Kaduna a Disambar 2023, inda jirgi marar matuƙi ya hallaka sama da mutum 80 a wurin Mauludi, sojoji suka amsa cewa kuskure ne. Ban kawo waɗannan don in ɓata maka aikin ba. Sojojin nan ne dai suka ƙwato Bama da Gwoza a watan Maris na 2015, kuma da jininsu ne Maiduguri ba ta faɗa hannun 'yan ta'adda ba. Na kawo su ne don ka san nauyin abin da za a saƙala maka a kafaɗa. Allah ya ce a cikin Suratul Ma'ida kada ƙiyayyar wasu mutane ta sa ku ƙi yin adalci. Ayar ba ta ce babu dalilin ƙiyayyar ba, ta ce duk da ita a yi adalci.

Shi ya sa tsoron da ka ambata, na kada ka zama irin waɗanda suka tafi da baffanka, shi ne abin da ya fi faranta mini rai a wasiƙarka. Kada ka kore shi. Sojan da ya san zafin a tafi da mutum ba laifin tsaye ba na zaune, shi ne zai tsaya ya yi tambaya kafin ya ɗaure wani. Ƙasar nan tana buƙatar sojoji 'yan yankin, masu jin Kanuri da Hausa da Shuwa, waɗanda in tsohuwa ta zo shinge za su ga kakarsu a fuskarta. In akwai dalilin da zai iya ɗaukarka shekara da shekaru a cikin kaki, to shi ne na biyun da ka faɗa, wato kada wani yaro ya ga abin da ka gani. Wannan dalili yana tsayawa ko an kai ka Zamfara ko Anambra, yana tsayawa ko a gadin kasuwa. Na farkon kuwa, wata shida a rana da sauro sun isa su mayar da shi ɗacin rai kawai.

Game da tubabbu, ba zan tilasta maka ka so su ba, addini ma bai tilasta ba. Wahshi shi ne ya kashe Sayyidina Hamza, baffan Manzon Allah (SAW), a yaƙin Uhudu. Da ya musulunta an karɓi musuluncinsa, ba a taɓa shi ba, amma Annabi ya nemi ya riƙa kawar da fuskarsa daga gare shi. Ka ga an kare jininsa, ba a kuma ce zuciyar wanda aka yi wa rashi ta zama dutse ba. Kana da haƙƙin ka ƙi zama inuwa ɗaya da su, kana da haƙƙin ka ce ba daidai ba ne a tallafa wa wanda ya ƙona gida alhali mai gidan yana haya, kuma ni ma ina ganin wannan ƙorafi na mutanen Borno yana da tushe, ya kamata gwamnati ta fara da waɗanda aka zalunta. Ka dai tuna cewa cikin dubun dubatar da suka fito daga daji bayan mutuwar Shekau akwai mata da yara da manoman da aka tsare su a can ba da son ransu ba, kuma duk mayaƙin da ya ajiye bindiga, bindiga ɗaya ce ta ragu a kan hanyar Bama.

Yanzu ga Inna. Ɗana, maganarta ba son kai ba ce, lissafi ne na wadda ta binne biyu. Idan ta kalle ka, tana ganin mai biyan haya, da waliyyin ƙannenka mata biyu ranar aurensu, da wanda maraya ɗan yayanka zai kira baba. Kai kana ganin albashi zai taimaki gida, ita kuwa tana ganin ranar da za a aiko a ce ta yi haƙuri. Kuma tsoronta ba a banza yake ba. Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali, wanda duk Borno ta san jarumtarsa, a Malam Fatori aka kashe shi a Nuwambar 2016. A Metele, a Nuwambar 2018, an rasa sojoji masu yawa a hari ɗaya har da kwamandansu. Maƙabartar sojoji da ke barikin Maimalari tana nan cikin garinku. Ka kuma sani soja ba kamar Keke Napep ba ne da za ka mayar wa mai shi mabuɗi ranar da ka gaji. Wa'adi ake sa wa hannu, wanda ya gudu ko ya ƙi umarni kotun soja ke jiransa. A Disambar 2014 an yanke wa sojoji 54 hukuncin kisa kan ƙin fita yaƙi, su kuma suna cewa ba a ba su isassun makamai ba, sai daga baya aka sassauta zuwa ɗaurin shekara goma. Duk ranar da za ka sake yi wa Inna maganar nan, kada ka ce mata babu abin da zai same ka. Ta fi ka sanin ƙarya ce, kuma daga nan ba za ta ƙara yarda da sauran bayaninka ba.

A wajen shari'a ma maganarta tana da nauyi. Wani mutum ya zo wa Annabi (SAW) yana neman izinin fita jihadi, ya tambaye shi ko iyayensa suna raye, ya ce e, sai ya ce masa to a cikin hidimarsu za ka yi jihadinka. Wannan fa fita ce tare da Manzon Allah. A Najeriya babu dokar tilasta shiga soja, aikin na sa-kai ne, duk shekara dubban matasa ke rububin gurbin. In ba ka je ba wani zai cike wurin, amma a ɗakin Inna babu mai cike naka. Don haka maganar cike fom a ɓoye ka ajiye ta gaba ɗaya. Ka yi tunanin kanka a rami da dare a bakin Tafkin Chadi, kana sane da cewa kalma ta ƙarshe da ka ji daga bakin mahaifiyarka ita ce ba da yawuna ba. Sojoji da kansu za su gaya maka cewa a irin wannan wuri babu guzurin da ya kai addu'ar uwa.

Shi kuwa mai cewa a kawo kuɗi ya sa suna, ɗan damfara ne, ko da abokinka bai sani ba. Neman shiga soja kyauta ne, ta shafin intanet na rundunar ake cikewa, ana tantance mutane a jiharsu ta asali, kowace jiha da kasonta, kuma rundunar tana ta nanata gargaɗi kan masu karɓar kuɗi. Abin da ake nema shi ne sakamakon WAEC ko NECO, da lambar NIN, da takardar shaidar ƙaramar hukuma, da ta haihuwa, da lafiyar jiki da tsawon da aka ƙayyade. Kuɗin da ka tara da zufar Keke kada ka miƙa wa kowa.

Abin da nake ba ka shawara shi ne ka ba wa kanka da Inna shekara guda. Lokaci yana gefenka fiye da yadda kake zato. A sanarwar ɗaukar kurata, wanda ba shi da sana'a ana karɓarsa daga shekara 18 zuwa 22, mai takardar sana'a kuwa har zuwa 26. Ka riƙa duba sanarwar kowace shekara don ka tabbatar da sharuɗɗan. Kana da 20, ƙofa ba za ta rufe gobe ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. A cikin shekarar nan ka nemi lasisin tuƙi na gaskiya, ka shiga koyon kanikanci ko aikin lantarki ko walda da yamma, ka yi jarrabawar gwajin sana'a ka karɓi takarda. Runduna ba masu harbi kaɗai take ɗauka ba, tana da direbobi da makanikai da ma'aikatan lafiya da injiniyoyi da masu sadarwa. Ba na ce maka waɗannan ba sa zuwa bakin daga ba, suna zuwa, direba ma shi ke fara haɗuwa da nakiya. Amma wanda ya shiga da sana'a yana fita da ita, in kuma bai shiga ba sana'arsa tana hannunsa. Tunda kuma ka ce sakamakonka ya yi kyau, me ya sa kurtu kaɗai kake hange? Makarantar horas da hafsoshi ta Kaduna, NDA, ta hanyar JAMB ake nemanta, ana fita da digiri da muƙamin hafsa, sai dai ita ma tana da nata iyakar shekaru, don haka in kana so wannan ce za ka fara bincika. Akwai kuma jami'ar sojoji da ke Biu a nan jiharku, wadda aka kafa a 2018, tana ɗaukar farar hula. Wanda ya gama digiri ko babbar difloma yana iya neman shiga a matsayin hafsa ta gajeren horo. Hafsa shi ke ba da umarnin a kama ko a saki, saboda haka mai zuciya irin taka ya fi amfani a wannan matsayi.

A cikin shekarar kuma ka nemi sojoji biyu ko uku da suka yi shekaru a fagen fama, ba sababbin da ke ɗaukar hoto da kaki suna sawa a Facebook ba. Maiduguri cike take da su, wasu ma fasinjojinka ne. Ka tambaye su nawa ke shiga hannunsu a wata, sau nawa suke ganin iyalinsu a shekara, me ke faruwa da wanda ya rasa ƙafa, yaya barcinsu yake. In ka samu hanya ta mutunci, ka sa a tambayar maka matar wani soja da ya rasu yadda ta yi kafin haƙƙin mijinta ya fito. Sannan ka zauna da biro da takarda ka kwatanta da abin da Keke da sana'a za su iya kawowa. Mai yiwuwa lissafin ya goyi bayan soja, mai yiwuwa ya ƙi, amma dai ka san a kan me ka tsaya.

Ita Inna kada ka sake tayar mata da maganar yanzu. Ka je ka ba ta haƙuri kan kukan da ka sa ta, ka ce mata ba za ka taɓa tafiya a ɓoye ba. Wannan alkawari kaɗai zai sauke mata rabin nauyin, don na tabbata tun ranar take kasa kunne da dare ko za ta ji ƙarar ƙofa. Bayan wasu watanni, in har niyyarka tana nan, kada ka je kai kaɗai. Ka nemi kawunka ko wani dattijon da take jin nauyinsa, da wata 'yar'uwarta mace da za ta zauna da ita bayan maza sun tashi, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ka je da amsar tambayoyin da ba ta furta ba: wa zai biya haya, wa zai tsaya wa 'yan matan a makaranta, nawa za ka riƙa turowa, wa zai riƙa leƙa matar yayanka da ɗanta. Ita ma matar yayan naka a ji ta bakinta, ta san abin da tafiya irin wannan ke bari a gida fiye da kowa. Ƙannenka ma kada a mayar da su 'yan kallo, su ne za su zauna da Inna in ka tafi. Abu ɗaya da zan roƙe ka shi ne kada ka ce tunda an hana ka soja bari ka zagaya ta wajen 'yan kato da gora. Sun yi wa Maiduguri abin da ba za a manta ba tun 2013, amma haɗarin ɗaya ne, kariyar da tanadin sun fi ƙaranci, kuma ta wannan ƙofar Inna ta rasa ɗanta na fari.

In kuma shekara ta zagayo, ka yi duk wannan, ta ce har yanzu ba ta yarda ba, to shawarata ka haƙura, kuma kada ka ɗauka an mayar da kai matsoraci. Hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2021 cewa rikicin arewa maso gabas ya ci rayuka kusan 350,000 zuwa ƙarshen 2020, amma waɗanda makami ya kashe kai tsaye kimanin 35,000 ne. Sauran yunwa ce da cuta da rashin asibiti da ruwa mai tsabta, mafi yawansu ƙananan yara. Ka dubi wannan lissafi da kyau. Idan burinka shi ne ka tsare yaran Borno, to ma'aikacin jinya a Bama, da malamin firamare da ya yarda ya koma garin da wasu ke gudu, da mai gyaran famfon burtsatse, suna tsaye a inda aka fi yin asara. Waɗanda suka kashe ɗalibai a Buni Yadi a 2014, suka sace 'yan mata 276 a Chibok, suka yanka manoman shinkafa na Zabarmari a 2020, makaranta da gona suke yaƙa. Duk wanda ya sake buɗe aji ko ya kai amfanin gona kasuwa ya hana su abin da suka fito nema. Makarantar koyon jinya da Kwalejin Ramat da Jami'ar Maiduguri duk suna kusa da kai, kana iya karatu kana kwana a gida.

Saura maganar barci, wadda ka sa a ƙarshen wasiƙa kamar ƙaramin abu. Ba ƙarami ba ne. Wanda ya ga abin da ka gani yana yaro, ya zo yana kasa barci ko yana firgita ko zuciya tana tafasa da ƙaramin dalili, ciwo ne sananne da likitoci ke magani, ba hauka ba ne, ba kuma raunin imani ba. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Maiduguri ya daɗe yana duba mutanen da rikicin nan ya taɓa, ka je ka yi bayani kamar yadda ka yi mini. Ka haɗa da azkar da addu'a, ɗaya ba ya hana ɗaya. Ka nisanci duk wanda zai miƙo maka tiramadol ko wata ƙwaya a tasha da sunan ƙarfin jiki ko maganin tunani. Ko soja za ka shiga ko ba za ka shiga ba, wannan ciwo sai an kula da shi, domin bariki ba ya warkar da shi, ƙara shi yake yi.

Baffanka kuma kada a bar maganarsa a zuci kawai. Ƙungiyar Red Cross ta duniya tare da ta Najeriya suna rajistar waɗanda suka ɓace a rikicin nan, sunayen da ke hannunsu sun haura 20,000, kuma sun haɗa wasu da danginsu bayan shekaru. In ba a taɓa kai sunansa ba, ka ɗauki hotonsa in akwai, da cikakken sunansa da wurin da aka tafi da shi da shekarar, ka je ofishinsu na Maiduguri. Ba a biyan ko kwabo. Ka tafi da Inna ko wani babba na dangin mahaifinka, domin su za su fi tuna bayanan da za a tambaya.

Ka yi istihara, ka fara da ba Inna haƙuri a wannan makon, sai asibiti, sai neman wurin koyon sana'a. Idan ka zauna da sojojin da na ce ka nema, ka sake rubuto mini abin da suka gaya maka da abin da zuciyarka ta ce bayan ka ji, mu duba tare. Ka gaishe mini da Inna da kyau, Allah ya raya maka ƙannenka da ɗan yayanka, ya zaunar da Borno lafiya.